Kwalliya da kuɗin sabulu: rigimar sabunta shafin yaren kwamfuta

Wata Asabar da hantsi aka ɗauke wuta, zafi ya koro mu daga ɗan ɗakin da nake koyar da rubuta manhaja a Tudun Wadar Gusau, muka kwaso bencina muka dawo gindin dogon yaron da ke ƙofar gida. Aikin da na ba ɗalibai bai taka kara ya karya ba. Kowa ya shiga shafin wani yaren kwamfuta, wanda ba zan kama sunansa ba, ya nemo misalin kod na farko da suka sa, wato rubutun umarnin da ake ba kwamfuta, ya kwafe shi a littafi. Shafin na san shi kamar yunwar cikina, sai dai ashe an yi masa sabon gyara ban sani ba.

Can wani yaro ya miƙo mini Tecno ɗinsa mai tsagaggen gilashi.

"Malam, wanga abu ya ƙi buɗewa."

"Mi kaka gani?"

"Hoto dai ya hito, mai kyau kuwa. Amma wurin da kac ce mu duba, wani zobe na, shina ta juyawa."

Na karɓa na kare da tafin hannu saboda hasken rana. Gaskiyarsa. Zane ya fito, launuka sun zauna, sunan yaren ga shi ɓaro-ɓaro. Layi shida ko bakwai na kod ɗin da muka zo nema kuwa suna jiran wani abu ya gama saukowa daga wata duniya. Duk abin da aka sa don burgewa ya iso, abin da ya kawo mu ne kawai ya makara.

Ga wanda bai saba da harkar ba, yaren kwamfuta shi ne abin da ake rubuta umarni da shi har ya zama manhaja, irin su Python da PHP da Ruby da Go da Rust. Kowanne yana da shafinsa na hukuma a intanet. A can ake sauke shi, a can kundin bayaninsa yake, a can ake sanar da fitowar sabon zubi ko gano wata ɓaraka ta tsaro. Duk bayan wasu shekaru masu kula da yaren sukan ce shafin ya tsufa, a sake masa fasali. Kuma kusan duk lokacin da aka yi haka sai gida ya rabu biyu, wasu na sambarka, wasu na cewa an ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba. Ko a watan Disamban 2025, da Ruby ya cika shekara 30 da fitowa aka yi wa shafinsa sabuwar fuska, wannan gardamar ce ta sake tashi.

Mutane sun fi ɗaukar rigimar a matsayin ta masu son ƙyale-ƙyale da masu son aiki. Ni a ganina asalinta daban ne. Shafi ɗaya ne, amma mutum iri biyu ke shigarsa, kuma abin da ke faranta wa ɗaya shi ke tare wa ɗayan hanya.

Ka ɗauki gidan Bahaushe na da. Baƙo da zaure yake auna mai gida. Ya ga an yi shafe mai kyau, ga zanko a sama, ga dagi a bango, ga tabarma a shimfiɗe, sai ya ce nan gidan mutane ne. Ɗan gida kuwa ya yi shekaru bai ɗaga kai ya kalli dagin nan ba. Shi abin da ya sani, ko cikin duhu ya shigo ba zai yi tuntuɓe ba, ya san inda randa take, ya san inda ake rataye moɗa. Baƙon shafin yare shi ne ɗalibin da ke tunanin wane yare zai fara da shi, ko shugaban kamfanin da ke son sanin ko zai ɗora dukiyarsa a kan wannan abu. Zuwa ɗaya ko biyu zai yi, a cikin ɗan lokaci zai yanke hukunci. Ɗan gida shi ne mai rubuta manhajar da ke leƙowa sau ashirin a wuni don ya tuna yadda ake kiran wani umarni. Shi ba ya ma bi ta zaure, daga Google yake faɗowa tsakar gida kai tsaye. In aka zo gyaran zaure aka haɗa da matsar da randa, shi ne zai fara kuka.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na Rust. Yaren ya girma ne a hannun Mozilla, masu burauzar Firefox, zubinsa na 1.0 ya fito a watan Mayun 2015. Tsohon shafinsa bai da wani ado. Jimla ɗaya ce a sama mai cewa yare ne na gina ƙashin bayan kwamfuta, mai gudun tsiya, mai hana wasu nau'o'in rushewar manhaja. Ƙarƙashinta jerin siffofi tara cikin kalmomin da sai ɗan hannu ke ganewa, a gefe kuma ga misalin kod da maɓallin da za ka latsa ka ga ya yi aiki nan take. A ƙarshen Nuwamban 2018 aka nuna sabon fasali, aka ƙaddamar da shi ranar 6 ga Disamba tare da babban zubin shekarar. Launuka masu ƙarfi, manyan haruffa, sabon take mai maganar ba kowa ikon gina manhaja mai inganci. Jerin siffofin nan tara ya tafi, aka maye shi da kanun magana uku, sauri da aminci da sauƙin aiki. Misalin kod ɗin ma aka cire shi daga shafin farko gaba ɗaya.

Ba da ka suka yi ba, suna da hujja. Sun kawo misalin wasan bidiyo na Mario, inda ɗan tsanan ke cin wata fure ya koma mai jifa da wuta. Suka ce tsohon shafin furen yake tallatawa, alhali abin da ya kamata a nuna wa mutum shi ne abin da zai zama bayan ya ci ta. Wato wanda bai san ma'anar waɗancan kalmomi tara ba, jera masa su korar shi ne. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, na sha ganin ɗalibi ya buɗe shafi ya ci karo da kalmomi uku da bai sani ba a layin farko, ya rufe bai ƙara komawa ba. Amma tsofaffin hannu suka yi ca, kuma su ma da tasu gaskiyar. Mai rubuta manhaja in an ce masa ga sabon yare, abu na farko da idonsa ke nema shi ne kamannin rubutun. Layi goma na kod sun fi gaya masa halin yaren fiye da shafi guda na kirari. Kamar ka je sayen shadda ne mai shago ya yi ta ba ka labarin yadda za ka fito ranar Sallah, amma ya ƙi warware bandir ɗin ka taɓa da hannunka. Ga kuma fassarorin da tsohon shafin ke da su a harsuna daban-daban, waɗanda ba su biyo sabon ba a farkon tashi, sai daga baya aka shiga sake yin su.

Ni a wannan shari'ar ina tare da masu cewa a bar kod. Ba don tsofaffin hannu sun fi kowa ba, sai don baƙon ma yana bukatarsa. Shafin Python, wanda aka sabunta a 2014, ya nuna ana iya haɗa biyun. Da ka buɗe za ka ga ɗan gajeren kod a gefe ɗaya, bayaninsa cikin magana mai sauƙi a ɗaya gefen, ga hanyar saukewa da ta kundin bayani a sama inda ido ke fara sauka. Ba wanda zai ce shafin ya yi kyan da za a tsaya kallo, amma ban taɓa ganin ɗalibin da ya ɓace a cikinsa ba. Tsohon shafin Go ma haka, akwatin gwaji ne ke tarbarka, da gaisuwar da aka rubuta rabinta da haruffan Sin, don a nuna maka tun daga ƙofa cewa yaren ba ya tsoron baƙin haruffa. Mu masu ɓ da ɗ da ƙ mun san darajar wannan. Sau nawa ka ga an zaɓo wani salon haruffa na gayu, ka rubuta "ƙasa" ƙ ɗin ta fito da wata kama daban kamar bare a cikin dangi, ko ma ta koma ɗan akwati?

To amma kada a ɗauka kyau aikin banza ne. Masu raina shi sun fi ba ni haushi a wasu lokutan, don sukan yi magana kamar muni wata shaidar ilimi ce. A 1995 wasu masu bincike biyu na kamfanin Hitachi a Japan, Masaaki Kurosu da Kaori Kashimura, suka tsara fuskar na'urar cirar kuɗi iri 26, suka nuna wa mutum 252. Abin da suka gano shi ne fuskar da mutane suka ga ta fi kyau, ita suke ɗauka ta fi sauƙin aiki, ko da a zahiri ba haka ba ne. Wani malami a Isra'ila, Noam Tractinsky, ya yi zaton wannan halin Japanawa ne kawai, ya maimaita gwajin a ƙasarsa, sakamakon ya fito har ya fi na Japan ƙarfi. A 2006 kuma Gitte Lindgaard da abokan aikinta a Jami'ar Carleton ta Kanada suka nuna cewa mutum na yanke wa shafi hukuncin kyau ko muni cikin kashi ɗaya bisa ashirin na daƙiƙa, kafin ya karanta ko kalma ɗaya.

Saboda haka wanda ya ce shafin yarensu ya yi kama da kango, baƙi na zaton yaren ya mutu, ba shirme yake ba. Yare yana rayuwa ne da sababbin shiga. In suka daina zuwa, bayan shekara goma babu mai gyara shi, babu mai rubuta masa kayan aiki, babu kamfanin da zai nemi ma'aikaci a kansa. Sannan yawancin tsofaffin shafukan an gina su ne tun kafin waya ta zama kwamfutar talaka. A kan Itel sai ka yi ta ja da yatsu biyu, kana turawa hagu da dama kafin ka karanta layi ɗaya. Sabon gyara ne ke kawo shafin da ke lanƙwasa daidai faɗin waya, da akwatin bincike mai aiki, da yanayin duhu na karatun dare. Waɗannan mu aka yi wa, ba Turawa ba. Wani kukan na tsofaffin hannu kuma, in za a faɗi gaskiya, sabo ne kawai, turken wawa. Bayan wata biyu sun manta yadda tsohon yake.

Sai dai binciken Japan ɗin nan yana da wata wutsiya da masu kafa hujja da shi ba su cika ambata ba. Abin da ya nuna shi ne mutane na jin kamar abu mai kyau ya fi sauƙi. Bai ce sun fi saurin gama aikinsu ba. Har ma kyan yakan rufe aibi, ka zaunar da mutum ya gwada shafi, ka gan shi da idonka yana ta lalube bai sami abin da yake nema ba, ka tambaye shi daga baya ya ce ai shafin ya yi, launin ya burge shi. Wanda ya tsara in bai yi hankali ba sai ya tafi da yabon ya bar laluben.

Inda kwalliya ke fara cin mutum shi ne nauyi. Ma'aunin HTTP Archive, mai bin diddigin miliyoyin shafuka, ya nuna matsakaicin shafin intanet a yau ya haura megabait 2. Rubutu zalla ba ya da nauyi, shafi guda na bayani da misalan kod bai fi 'yan kilobait gomomi ba. Ragowar duk hotuna ne, da salon haruffan da sai an sauko da su, da JavaScript, wato kod ɗin da shafi ke aiko wa wayarka ta aiwatar don abubuwa su yi motsi. Wanda ke zaune a Balin ko San Faransisko da intanet na wata-wata marar iyaka ba zai taɓa jin bambancin ba. Mu nan da awo muke saye, kuma tun Janairun 2025 da hukumar NCC mai kula da sadarwa a Najeriya ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari, awon ya ƙara tsada. A ajina mutum goma sha ne ke rataye a kan ɗan MiFi guda, wato 'yar na'urar da ke raba intanet. Duk hoton da aka sa don ado, sau goma sha muke biyan kuɗinsa.

JavaScript kuma sau biyu yake karɓar haraji. Ka biya data ka sauko da shi, sannan wayarka ta yi gumi kafin ta karanta shi ta aiwatar. Hoto in ya iso ya iso, shi kuwa sai ƙwaƙwalwar waya ta tauna shi, kuma ƙwaƙwalwar wayar dubu sittin ba ɗaya take da ta iPhone ba. Abin da ya faru da yaron nan a gindin dogon yaro ke nan. Kod ɗin da yake nema rubutu ne tsagwaronsa, da an sa shi cikin jikin shafin da tuni ya bayyana tun kafin hoton. Sai aka ɗaura shi a wuyan wani shiri da zai yi masa launi, ya shigo da shi da 'yar rawa. Shirin ya maƙale a hanya, rubutun ya maƙale tare da shi. Masu amfani da Opera Mini, wanda har gobe yana da jama'a a ƙasar nan saboda tsimin data, sun fi kowa shan wannan, don shi a can wata uwar na'ura ake tauna shafin a aiko maka da shi a matse, yawancin irin wannan rawar ba ta tsallakowa.

Kada a ce matsalar ƙauye ce. Masu kula da shafin gwamnatin Birtaniya, GOV.UK, sun auna a 2013 suka ga cikin kowane mutum 93 da ke shigowa, akwai ɗaya da JavaScript ba ya isa gare shi, kuma mafi yawansu ba kashe shi suka yi da gangan ba, hanya ce ta ci shi. A Ingila ke nan. Abin sha'awa, wannan shafin nasu, baƙin rubutu a kan fari ba tare da tarkace ba, shi ya lashe kyautar zanen shekara ta Gidan Tarihin Zane na Landan a 2013 ɗin. Alƙalan da aikinsu ke nan tantance kyau, su suka zaɓe shi.

Sai launi. Akwai wani yayi na rubuta bayani da toka-toka mai haske a kan fari, da siraran haruffa, wai ya fi sanyin ido. A ofis mai labule da babban allo, haka ne. A ƙarƙashin ranar Gusau ta watan Afrilu, a wayar da aka rage wa haske don caji ya kai yamma, rubutun ɓacewa yake yi ɗungurum. Ƙa'idar WCAG ta ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta sa iyaka a kan wannan, bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 bisa 1 ga rubutu mai girma. An yi ta ne domin masu raunin gani, amma rana tana mayar da kowa mai raunin gani. Kuma a cikin misalan kod, layin da aka fi dusashewa shi ne na sharhi, wato daidai wurin da aka yi wa ɗan koyo bayanin abin da ke faruwa.

Wani abin ma sai ka zauna da mai koyo za ka gan shi. Akwai salon haruffa na zamani da ke haɗe alamomi biyu su koma ɗaya don kyan gani. A yaruka da yawa in za ka ce abu kaza ba daidai yake da kaza ba, alamar motsin rai kake bugawa sannan alamar daidai, wato !=. Salon gayun sai ya nuna maka su a haɗe kamar ≠ ta lissafin makaranta. Wata ɗalibata, matar aure ce mai 'ya'ya biyu da ke zuwa ajin yamma, ta yi kusan rubu'in awa tana duba allon bugu layi-layi, kunya ta hana ta tambaya. Daga ƙarshe ta ce, "Malam, don Allah ina aka samun wagga alama? Na duba ko'ina ban gane ta ba." Babu ita, ba a taɓa yin ta a allon ba. Gwani ya san abin da ke ƙarƙashin adon, shi ya sa yake jin daɗinsa. Ita kuwa abin da ta gani shi ta yarda da shi, kuma ita ce aka ce an yi gyaran dominta.

Ɓarnar da ta fi daɗewa ana jin ta kuwa ba a ganinta ranar buɗe sabon shafi. Adireshi ne. Kowane shafi na kundin bayani yana da adireshinsa, kuma shekara da shekaru mutane na liƙa shi a littattafai, da takardun darasi, da bidiyon koyarwa, da cikin kod ɗin kansa. In aka sake fasali aka canza tsarin adireshin ba tare da an bar mai nuna hanya ba, duk waɗannan sun zama ƙofofin da ke buɗewa ga bango. Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo, ya yi gargaɗi a kan haka tun 1998, cewa adireshin kirki shi ne wanda ba ya canzawa. Masu Go sun kiyaye, da suka haɗe golang.org cikin go.dev a ƙarshen 2021, in ka bi tsohon adireshi sai ya miƙa ka sabon wurin da kansa. PHP kuwa, yaren da 'yan gayu suka fi yi wa dariya, yana da wata dabara da har yau nake jinjina wa. Rubuta php.net, ka sa karan tsaye mai jirge, ka rubuta sunan umarnin da kake nema, misali strlen, sai ga ka a kan bayaninsa. Ba a ganin wannan a hoto, ba wanda zai ba shi kyauta, amma ya fi kowane zane rage wa ɗan gida wahala.

Haka batun tsofaffin zubi. Sabon fasali yana son babban maɓalli guda mai cewa sauke na yanzu, a ɓoye sauran. Mu kuwa kwamfutocin da ke hannun yaranmu na hannu ne, wasu har yau Windows 7 ke kansu. Python daga 3.9 zuwa sama ba ya hawa Windows 7, sai 3.8. Abin da ya cece mu shi ne shafin saukewarsu bai share tarihi ba, tsofaffin zubin na nan a jere, an kuma rubuta ƙarara wanne ne ba ya aiki a kan wace na'ura. Jerin ba shi da kyan gani ko kaɗan. Mai neman tsabtar fuska shi zai fara cewa a kwashe.

Mu a Zamfara akwai darasin da aka koya mana da ƙarfin tsiya. A farkon Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta yi kusan wata guda babu sabis, sai farkon Oktoba aka buɗe, sauran ƙananan hukumomi kuwa suka ci gaba da zama a rufe bayan haka. Mai son aika saƙo sai ya hau mota ya tsallaka iyakar jiha. A makonnin nan kyan shafi da muninsa duk suka zama ɗaya, tambaya guda ta rage, wane yare ne ya yarda ka ɗauki kundinsa ka tafi da shi gida? Python yana da wurin da za ka sauke bayaninsa kaf a dunƙule, ka buɗe ba tare da intanet ba. Kundin PHP ma haka. Rust in ka girka shi yakan zo da littattafansa, ka buga rustup doc su buɗe a kwamfutarka. Go yana da go doc, Ruby yana da ri. Lua, wanda aka ƙirƙira a wata jami'ar Katolika da ke Riyo ta Burazil a 1993, kundinsa gaba ɗaya shafi guda ne mai tsawo, ka adana shi sau ɗaya ka huta. Ni filashin da na taɓa zuba irin waɗannan a ciki, ba don hangen nesa ba sai don rowar data, shi ya riƙe ajinmu. Ya yi ta yawo hannu-hannu har murfinsa ya ɓace. Tun daga lokacin, in an ce an sabunta shafin wani yare, kafin in kalli launi sai na gangara ƙasa na duba ko mahaɗin sauke kundin yana nan, ko an share shi don ya ɓata tsari.

Ban ɗauka masu wannan gyare-gyare mugaye ba ne. Yawancinsu 'yan sa-kai ne, suna yi bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su, kuma ba daɗi ka kwashe watanni kana abu kyauta a wayi gari ana yi maka ruwan zagi. Matsalar ita ce kowa da na'urar gabansa yake gwaji. Mai zane yana da babban allo da intanet mai gudu, abokan da zai nuna wa su ma haka. Ba ƙin mu suka yi ba, ba mu faɗo musu a rai ba ne. Alhali gwajin ba shi da tsada. Burauzar Chrome tana da wurin da za ka rage gudun intanet da ƙarfin na'ura da gangan, ka ga abin da mai ƙaramar waya ke gani. Google da kansa ya sa daƙiƙa biyu da rabi a matsayin iyakar lokacin da babban abin da ke shafi ya kamata ya bayyana. Jakob Nielsen, tsohon masanin wannan fanni, ya daɗe yana cewa mutum biyar kacal in ka zaunar ka kalli yadda suke fama, za su tono maka mafi yawan matsalolin. Sharaɗin dai kada ka tambaye su ko ya yi kyau. Ka ba su aiki, ka ce nemo mini yadda ake girka shi a Windows, nemo mini yadda ake buɗe fayil, sannan ka kama bakinka ka duba agogo.

Da za a ba ni zaɓin mutum biyar ɗin, zan sa gwani ɗaya da ya shekara goma a yaren, da shugaban kamfani ɗaya, da makaho mai amfani da manhajar da ke karanta masa allo, sai biyu daga bencin nan namu, ɗaya da Tecno ɗaya da tsohuwar HP. Zauren a yi masa duk adon da ake so, ni ma ina son in nuna wa ɗalibi shafi ya ji sha'awar yaren ta kama shi. Amma rubutu ya riga hoto isowa, kod ya tsaya da ƙafarsa ko shirin launi bai zo ba, tsohon adireshi ya ci gaba da kai mutum gida.

Ranar Asabar ɗin dai ba mu ga kod ɗin ba sai da na shiga ɗaki na ɗauko kwamfutata, na buɗe kundin da na adana tun bara, na ɗora ta a kan benci suka kewaye ta suna kwafa. Muna cikin haka, bayan kowa ya kusa gamawa, yaron ya ɗago wayarsa yana dariya.

"Malam, ga shi ya buɗe yanzu."

Na ce ya rufe datarsa, ya ci gaba daga layi na biyar.